Zaki Ɗaya, Zuciya Daban-daban: Sharhi a Kan Injunan Peugeot



Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a garejin makanikai da bakin tasha. Wani zai rantse maka duk duniya babu mota mai ƙarko kamar Fijo, ya kafa hujja da 504 da ta shekara talatin tana jigila tsakanin Kaduna da Kano. Na kusa da shi ya ce Allah ya raba shi da ita, ya kawo labarin wata 'yar yayi da ta cinye masa jari a wajen gyara. Babu maƙaryaci a cikinsu. Tambarin zaki ɗaya suke gani a goshin mota, amma ba inji ɗaya suke magana a kai ba. Kamfanin mota ba ya ƙera wa kowace mota injinta. Zuriya guda yake kafawa, ya raɗa mata haruffa, ya yi ta ƙara mata girma ko rage mata, yana sa ta a motoci iri-iri shekara ashirin, wani lokaci arba'in. Kowace zuriya kuma amsa ce ga matsalar da ta dami Faransa a lokacin da aka zana ta, ba matsalar da ta dame mu ba. Sau ɗaya tak amsarsu ta yi daidai da tambayarmu, kuma a kan wannan dacen sunan Peugeot ya ginu a ƙasar nan.

Gidan Peugeot ba da mota suka fara ba. Tun 1810 suke sarrafa ƙarfe a gabashin Faransa, kusa da iyakar Suwizalan, suna yin zarto da injin niƙa kofi, daga baya kekuna. Armand Peugeot ne ya karkata ga mota. A 1889 ya gwada mai tafiya da tururi, a 1890 ya koma ga fetur da injin aro na Daimler, kafin ƙarshen ƙarnin kamfanin ya fara ƙera nasa. A 1912 suka fito da motar tsere L76, mai inji lita 7.6, kamshaf biyu a sama, bawul huɗu ga kowace silinda. Da ita Jules Goux ya ci tseren Indianapolis a Amurka a 1913. Wannan tsarin shi ne a cikin yawancin motocin da ke bin titi yau. Na kawo shi ne don kada wani ya ɗauka rashin sani ne ya sa injin 504 ya zama mai sauƙi. Sun san mai wuyar tun kafin a haifi kakanninmu, da gangan suka zaɓi mai sauƙin.

Bayan yaƙin duniya na biyu sai 203 ta fito a 1948 da inji cc 1,290, sai 403 a 1955 da cc 1,468. Ga wanda bai saba da lissafin ba, cc 1,000 shi ne lita ɗaya, wato faɗin cikin silindodi ke nan gaba ɗaya. Ƙananan injuna ne, domin a lokacin harajin mota a Faransa yana hawa ne gwargwadon girman inji, fetur kuma ba arha.

A 1960 aka haifi zuriyar da ta shafe mu. Motar 404 ce, injin kuma XC, mai cc 1,618 da ƙarfin doki 72. An kishingiɗar da shi gefe guda, digiri 45, don a samu rage tudun bonet. Da 504 ta zo a 1968 sai aka ƙara wa fistan tsawon tafiya daga milimita 73 zuwa 81, ya zama XM mai cc 1,796. A 1970 aka faɗaɗa bakin silinda daga milimita 84 zuwa 88, ya zama XN mai cc 1,971, wanda kowa ya sani da lita biyu. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, shi ya sa yaron da ya koyi aiki a kan 404 bai sake zama ɗan koyo ba da 504 ta shigo, haka da 505 ta biyo baya.

Me ke cikin wannan inji da har yau tsofaffin direbobi ke yi masa kirari? Gangar jikinsa zubin ƙarfe ce mai nauyi, kansa na alminiyam. Kamshaf yana ƙasa a cikin gangar, gajeriyar sarƙa ke juya shi, sanduna ke tura bawul daga nan. Sarƙar kuwa ba ta tsinkewa ba zato ba tsammani, sai ta yi ta ƙara tana ba ka sanarwa wata da watanni. Saitin bawul sifana da sukudireba ne. Mai yana shiga ta kafireta, wadda za ka kwance a gindin bishiya ka wanke da fetur ka hura ka mayar. Babban sirrin kuma yana wurin da fistan ke kai da komowa. Ba a huda silindar a jikin gangar ba. Bututu ne na daban, wanda makanikai ke kira silib, ana zura shi ana zare shi, ruwan lagireto yana zagaye shi kai tsaye. Idan inji ya gaji ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi, sai a sauke shi, a zare silib huɗun, a sa sababbi da fistan da ring da metal, a ɗaure. Inji ya koma ɗanye ba tare da an kai gangar wajen masu injin huda ba. Ana iya yin haka sau biyu, sau uku, a gangar nan guda.

Sannan ba a matsa masa ba. Lita biyu cur, amma mai kafireta na 504 bai kai doki 100 ba. Injin da ba a tatse shi iya ƙarfinsa yana yafe laifi: gurɓataccen fetur, baƙin man da ya wuce lokacinsa, ƙurar hunturu, lodin da ya fi ƙima. Kamar jakin Kano yake, ba ya sauri, ba ya kuma kwantawa a hanya. Da wannan zuriyar 404 ta ci tseren Safari na gabashin Afirka a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, 504 kuma ta ci a 1975 a hannun Ove Andersson. Gaskiya motocin tseren an ƙara musu ƙarfi, kamfanin ma yana da samfurin da ke fesa mai da famfon Kugelfischer tun 1962, amma ƙashin bayan ɗaya ne.

A shekarar 1975 ɗin nan ce masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci, zamanin Janar Yakubu Gowon. A farkon lamarin ta jirgin sama ake kwaso sassan mota daga Liyon zuwa Kano, sannan a biyo hanya da su zuwa Kaduna. Gwamnatin soja ta Obasanjo ta mayar da 504 motar manyan ma'aikata, daga nan ta zama motar kwamishina, motar alhaji, wagon ta zama motar haya, akori-kura ta zama motar kai kaya kasuwar ƙauye. Faransa ta daina ƙera salun ɗin 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita fiye da shekara 20 bayan haka. Ka lissafa daga 1960, za ka ga zuriyar inji ɗaya ta haura shekara 40 tana aiki. A tsawon wannan lokaci Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano sun cika da kayanta, kowane gari ya samu wanda ya san ta ciki da bai. Rabin ƙarkon da muke yaba wa injin, a gaskiya ƙarkon kasuwar kayan gyara ne da hannun makanikai.

Zuriyar nan tana da 'yar'uwa ta ɓangaren dizal, wadda ake kira Indenor, da aka fara sa wa 403 a 1959. Ta girma daga lita 1.8 zuwa 2.1, zuwa 2.3, har 2.5. Ƙararta kamar ta tarakta, saurinta ba abin faɗa ba ne, amma ta yi suna har Ford ya saye ta yana sa wa Granada da Sierra, Mahindra na Indiya ya sa wa jif ɗinsa. A 1979 aka ɗora mata turbo a cikin 604, ta zama motar dizal mai turbo ta farko da aka sayar a kasuwar Turai. A Najeriya ba ta yi tasiri sosai ba, don a lokacin fetur ya fi ruwan kwalba arha, babu dalilin jure ƙararta.

Yayin da muke nan muna more XN, can gida kamfanin ya riga ya kama wata hanya. Tun 1965 ya fito da 204, mai jan ƙafar gaba, injin alminiyam a gicciye, kamshaf a sama. A 1969 ya haɗa hannu da Renault suka kafa masana'antar injuna a Douvrin, arewacin Faransa. Daga can ƙaramin injin 104 ya fito a 1972, wanda aka kusan kwantar da shi, giya a ƙarƙashinsa suna shan baƙin mai ɗaya. Daga can kuma V6 ɗin nan mai suna PRV ya fito a 1974, haɗin gwiwar Peugeot da Renault da Volvo, cc 2,664. Labarinsa abin dariya ne kaɗan. Silinda takwas aka yi niyya, sai aka datse biyu, ga kuma rikicin man fetur na 1973 ya rufe ƙofar komawa ga babban. Aka bar shi da kusurwar digiri 90 wadda ta dace da mai takwas, ba mai shida ba, don haka na farkon suna bugawa ba daidai ba, kamar mai ɗingishi, sai daga baya aka gyara karanshaf ɗin. Duk da haka ya yi aiki har 1998.

Ƙarshen shekarun 1970 kamfanin ya haɗiye abin da ya kusan shaƙe shi. Ya karɓi Citroën, ya zama PSA a 1976, ya sayi reshen Chrysler na Turai a 1978, ya wayi gari da tarin injuna iri-iri da bashi. Maganin da ya samo shi ne zuriya biyu da za su wadaci kowa. Ta farko XU, a 1982, tare da dizal ɗinta XUD mai cc 1,769 da 1,905. Ta biyu TU, a 1986, ƙanana daga cc 954 zuwa 1,587. XU ce a cikin 205 GTI, ita ce a 405, ita ce a 406 na farko. TU ce a 206 da yawancin 307 masu lita 1.6. Injuna ne nagari ƙwarai, ni a ganina XUD na cikin mafi ingancin dizal da aka taɓa sa wa ƙaramar mota. 'Yan'uwanmu na Nijar kuwa sun ga wannan zamani da idonsu, lokacin da tseren Paris zuwa Dakar ke ratsa Tenere ya yada zango a Agadas. Peugeot ta ci shi sau huɗu a jere, daga 1987 zuwa 1990, da 205 sannan 405, uku daga ciki a hannun Ari Vatanen.

Sai dai da XU da TU wani abu ya shigo wanda ya sauya dangantakar mai mota da injinsa. An bar sarƙa, an koma bel na roba mai haƙora. Ya fi shiru, ya fi sauƙin nauyi, ya fi arhar ƙerawa. Amma ba ya sanarwa. Ranar da ya tsinke, fistan zai haɗu da bawul a buɗe ya lanƙwasa su, tafiyar da aka fara da bismilla ta ƙare a bayan motar janwe. A Turai wannan ba matsala ba ce, don akwai littafin sabis, an rubuta kilomitar da za a canza, ana kuma canzawa. Mu kuwa motar ta iso mu ta Kwatano bayan ta yi rayuwarta ta farko, agogon kilomita an juya shi baya, babu wanda ya san yaushe aka taɓa bel ɗin. Nan aka fara cewa Fijo ta lalace. Ba lalacewa ta yi ba. An ɗauke wani nauyi daga kan ƙarfe an ɗora shi a kan mai mota, ba a kuma gaya masa ba.

Dokar hayaƙi ta Turai, wadda matakinta na farko ya fara aiki a 1992, ita ta kashe kafireta. Mai ya koma shiga ta nozul, kwamfutar mota ke auna shi, na'urori na gaya mata zafin ruwa da yawan iska da abin da ke fita ta salansa. Zuriyar EW ta gaji XU a ƙarshen shekarun 1990, da lita 1.8 da 2.0 da 2.2, bawul 16, ita ce a 406 na baya da 407. V6 na ES9 mai cc 2,946, wanda aka zana da kusurwar digiri 60 yadda ya kamata, ya gaji PRV. A nan ina da ƙorafi a kan wasu makanikanmu, kuma ina faɗa da girmamawa. Al'adar cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye don wai ƙasarmu da zafi, a 504 ba ta yin ɓarna mai yawa. A injin da kwamfuta ke sarrafawa kuwa, idan ruwa bai kai zafin da aka tsara ba, sai ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara mai. Mai mota ya ce tana shan mai, a sake kwance wani abin da lafiyarsa ƙalau. Haka ma laifin giyar nan mai canza kanta, AL4, sau da yawa a kan inji ake ɗora shi.

A dizal juyin ya fi girma. A 1998 aka fito da HDi, zuriyar DW mai cc 1,997, inda famfo ke tara mai a bututu guda da matsin da ya kai bar 1,350. Tayar motarka bar biyu da ɗan wani abu take ɗauka, sai ka kwatanta. A 2000 aka sa wa motar 607 matatar da ke kama baƙin hayaƙin dizal. Da irin wannan fasaha 908 ta ci tseren awa 24 na Le Mans a 2009. Amma nozul da ke aiki a wannan matsi ba ya jure digon ruwa ko ƙwayar ƙasa, matatar kuma ba ta son mai mai yawan farar wuta. Turai ta rage farar wutar dizal ɗinta zuwa kashi 10 cikin miliyan tun 2009, namu kuwa ya daɗe yana ninka haka sau ɗaruruwa. Injin da ya ci kyaututtuka a can sai ya zama abin tsoro a nan, kuma ba laifinsa ba ne.

Daga nan aka shiga zamanin ƙanƙancewa. A 2006 PSA da BMW suka haɗu suka fitar da zuriyar EP, lita 1.6, wadda ke cikin 207 da 308 da 508 da kuma Mini. Mai turbo ɗinta, THP, tana fitar da doki 150 zuwa sama da 200. An dawo da sarƙa, amma doguwa siririya, kuma na farkon sun yi ƙaurin suna wajen saki da ƙara da sanyin safiya, ga shan baƙin mai, ga dattin da ke taruwa a bayan bawul. A 2012 sai PureTech, silinda uku, cc 1,199. Mai turbo ɗinsa yana ba da doki 130, wato ya fi XN mai lita biyu ƙarfi nesa ba kusa ba, da mai kaɗan. Shekara huɗu a jere, 2015 zuwa 2018, yana cin kyautar injin shekara a ajinsa. Amma an yi masa wata dabara, an sa bel ɗin roba yana gudu a cikin baƙin mai don rage gogayya. Idan man ya gurɓata da fetur ko ba irin wanda aka ƙayyade ba ne, sai robar ta fara marmashewa, burbushin ya toshe matatar famfon mai, har ya taɓa famfon da ke taimaka wa birki. Sai da aka yi kiranyen dubban ɗaruruwan motoci a Turai kanta, inda ake sabis a kan lokaci. Stellantis, kamfanin da PSA ya narke a cikinsa a 2021, ya mayar da sabon samfurin injin kan sarƙa daga 2023. Wanda ke shirin sayen 208 ko 2008 ko 3008 'yar Beljiyam, ya kuma san baƙin man da ake aunawa a galan a bakin titi zai riƙa zuba mata, to ya yi wa kansa hisabi tun kafin ya biya.

Kada a ji ni kamar mai cewa a koma 504. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, duk mai tsohuwar lita biyu ya san abin da take yi wa aljihu, hayaƙinta kuma yaran da ke talla a bakin titi ke shaƙarsa. Sabbin injuna sun fi ƙarfi, sun fi tsimi, sun fi tsabta, babu musu. Abin da suka rasa shi ne haƙuri da sakaci. Kamfanin ma ya san da haka. Da ya tashi ƙera 301 a 2012, motar da aka nufa da kasuwanni irin namu, babban injin fetur da ya ba ta shi ne EC5 mai lita 1.6 da doki 115, babu turbo, jikan TU ɗin nan ta 1986. Motar 301 tana kuma cikin motocin da sabuwar masana'antar Dangote da Peugeot ta fara harhaɗawa a Kaduna a 2022. A Iran ma zuriyar TU da XU sun ci gaba da fita daga masana'anta shekaru da dama bayan Turai ta yi sallama da su.

Saboda haka idan ka je sayen mota, lambar da ke bayan but ba ta ishe ka ba. 406 kaɗai an sa mata XU da EW da ES9 da XUD da HDi, kowanne da halinsa da kuɗin gyaransa. Ka duba lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17. A motocin da ke farawa da VF3, na shida da na bakwai da na takwas su ne sunan injin. NFU shi ne TU mai lita 1.6 da bawul 16. RFN shi ne EW mai lita biyu. XFX V6 ne. RHY da RHZ dizal ne na HDi. 5FW da 5FX na zuriyar EP ne, na biyun mai turbo. Ka rubuta haruffan uku a takarda, ka kai wa makanikenka, ka tambaye shi ko ya taɓa buɗe irinsa, yana da na'urar karanta kwamfutarsa, kuma nawa ne bel ko sarƙarsa a Panteka. In ya yi shiru yana sosa ƙeya, ka nemi wani makanike ko ka nemi wata mota.